Masar Bauchi, Gurasar Kano, Kifin Kebbi ko Kilishin Madawa: Wanne Ya Kai a Ɗaura Masa Tafiya?

Akwai abincin da ake ba direba saƙo ya kawo, akwai kuma wanda sai ka je masa da ƙafarka. Duk mai shirin ware kwana biyu da kuɗin mota don ya ci wani abu a inda aka fi iya shi, da wannan rabon ya kamata ya fara lissafi, kafin ya tsaya tambayar wane gari ne ya fi suna. Tambayar da za ta cece ka daga asara ita ce: minti nawa abincin nan yake yi bayan ya bar wuta kafin ya canza? Idan amsar kwana goma ce, zauna gida. Idan minti ashirin ce, nemi mota.

Wuraren da ake magana a kansu ba masu ƙofar gilashi da takardar jerin abinci ba ne. Rumfuna ne da zaure da ɗaki ɗaya mai benci, na Hajiya guda da 'ya'yanta da masu taya ta aiki, ko na mahauci da yaransa. Abu ɗaya suke yi, wani lokacin biyu, kuma shi suke yi tun da daɗewa. Yawancinsu ba su da allo. Ana saninsu ne da sunan unguwa ko na mai wurin, sunan kuma a bakin ɗan acaɓa da mai Keke Napep za ka ji shi, shi ya sa a nan unguwa kawai za a ambata, sannan a faɗi alamomin da za ka duba da idonka in ka isa.

Masa a Bauchi

Masa ce abincin da ya fi kowanne ƙin tafiya. Daɗinta a bambancin waje da ciki yake: baya ya soyu ya yi ɓawo mai ɗan ƙaras-ƙaras, ciki kuma fari tas, mai ƙananan ramuka, yana tururi in ka tsaga. Wannan bambancin ba ya wuce minti ashirin zuwa talatin. In ka ƙulle ta a leda, tururinta ya jiƙa ɓawon ya yi laushi. In ka bar ta a buɗe, shinkafar ta huce ta sandare. Kula tana riƙe zafi amma ba ta riƙe ɓawo. Saboda haka masar da aka kawo maka daga Bauchi a mota ba ita ce wadda mutanen Bauchi ke yabo ba, ko da hannu ɗaya ne ya soya su.

A cikin gari, wajajen Wunti ne aka fi sani da ita, can ne kuma ɗan acaɓa zai fara kai ka. Kada ka tsaya nan kaɗai in kana da safiya biyu, domin unguwannin cikin gari ba su rasa mai tanda da mutanen layinta ba sa musanya ta da kowa. Abin da ya ɗaga Bauchi ba wani sirri ne a ƙulli ba. Ƙullin nan ko'ina haka ake yinsa: shinkafar tuwo ɗanya, ba wadda aka turara ba, a jiƙa ta awa shida zuwa takwas, a ɗebi kamar rubu'in mudu a kowane mudu a dafa ya yi luguf, a haɗa a kai markaɗe da albasa, a sa yis ko ragowar tsohon ƙulli, a rufe ya tashi. Da zafi awa shida ya isa, da hunturu sai ya kwana. Abin da Bauchi ta fi saura shi ne yawan masu ci. A garin da masa ce karin kumallon ma'aikaci da ɗalibi da baƙo, tanda ba ta hucewa, ƙulli ba ya kwana biyu, masa kuma ba ta zama a kwano tana jiran mai saye. Ciniki ne ke gyara abinci irin wannan.

In ka shiga, fara duban tanda kafin benci. Ya kamata ka ga ana zubawa, ana juyawa, ana kwashewa, ba tsayawa. In ka ga tulin masa a babbar kula, tanda kuma babu wuta, ɗumame za a ba ka. Ba laifi ba ne ka ce, "Hajiya, ta kan tanda nake so, zan jira." Sun saba jin haka, kuma jiran ba ya wuce minti goma.

Kurakuran masa duk a bayyane suke ga wanda ya tsaga guda ɗaya. In baya ya yi duhu ciki kuma da danƙo, wuta ta yi yawa, an gaggauta don layi ya ragu. In ta sha mai har tana ɗiga a yatsa, ko dai ƙullin ya yi ruwa ko tandar ba ta yi zafi ba aka zuba. In ta yi nauyi, cikinta a cushe babu ramuka, ƙullin bai tashi ba, ko ba a buga shi sosai ba kafin suya, wannan kuma ya fi faruwa a sanyin Disamba da Janairu. Tsami kaɗan ado ne, shi ne ma ke raba masa da fanke. Amma in ya kai ga yamutsa fuska, ƙullin ya wuce lokacinsa. Sau da yawa sai mai masa ta kashe tsamin da ruwan kanwa, in kuma hannu ya zarce sai masar ta yi rawaya-rawaya da wani ɗanɗano mai kama da sabulu. Waccan ita ce masar ƙarfe goma sha ɗaya zuwa sama a wurin da ciniki bai yi ba.

Tandar ƙasa ko ta ƙarfe? Ta ƙasa tana ɗaukar zafi a hankali ta raba shi daidai, ciki ya nuna kafin baya ya ƙone, tsohuwa kuma da ta sha mai shekara da shekaru ba ta kama masa. Ta ƙarfe tana da sauri, ita ce ta masu layi, amma sai hannun da ya iya wuta. Inda aka samu zaɓi, ta ƙasa a kan itace ta fi.

Sai miya, wadda a nan ne wurare suke rabuwa da gaske, domin masa mai kyau ta fi miya mai kyau sauƙin samu. Miyar taushe ta ƙwarai kaurinta daga kabewa da gyaɗa yake, da alayyafo, da 'yar yakuwa don tsami, romon kuma na ƙashi da tantaƙwashi ne da suka daɗe a wuta. Ɗaga cokali ka gani: ta kama shi, ba ta tsiyaye ba, mai kuma bai rabu ya yi tafki a sama ba. In kana jin gafin gyaɗa, ba ta dahu ba. In ba ka jin komai sai ɗunkule da gishiri, an tsawaita ta da ruwa don ta kai azahar. Ka karɓi miyar a kwanonta daban, kada a zuba maka a kan masa, in ba haka ba ɓawon da ka yi tafiya dominsa ya tafi kafin loma ta uku. Babban mutum masa biyar zuwa bakwai ta ishe shi, gwargwadon girman gurbin tanda. Karɓi uku tukuna, in sun ƙare a kawo sababbi. Ka bar guda biyu kuma ka ci da yajin ƙuli da ɗan man shanu, ba miya. A nan ake gane ƙulli.

Lokacinta daga bayan asuba zuwa kamar ƙarfe goma. Akwai masu sake hura wuta da yamma, amma miyar safe ta fi. Wannan na nufin kwana a Bauchi dole ne ga wanda ya taso daga Kano, domin tafiyar kusan kilomita 300 ce ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi, awa huɗu zuwa biyar. Daga Jos kuwa kamar kilomita 130 ne, mai sammako zai iske tanda da wuta. Ragowar yinin ba zai tafi a banza ba, ga kabarin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a cikin gari, ga Yankari da ruwan ɗumi na Wikki ga mai kwana biyu cikakku.

Kano: gurasa da abin da ake ɗora mata

Gurasa tana tsakiya. Ita kanta tana jure kwana biyu, har uku in ba a kulle ta da ɗuminta a leda ba, shi ya sa ake lodinta daga birni zuwa garuruwan kewaye. Wanda ke son gurasa kawai, saƙo ya ishe shi. Abin da ba ya zuwa a saƙo guda biyu ne: gurasar da ta fito daga tanderu yanzu, da bandashen da aka haɗa a gabanka, wato gurasar da aka jiƙa aka barbaɗa mata ƙuli da mai.

Cibiyar sana'ar tsohon birni ne, wajajen Jakara kusa da Kasuwar Kurmi, har akwai unguwar da ake kira Ceɗiyar 'Yan Gurasa. Ana danganta shigowarta da Larabawan da suka zauna a wannan ɓangare na birni tun zamanin fataucin Sahara. Mata ne ke gasawa a cikin gidaje, su kwaɓa fulawa da yis da gishiri kwaɓi mai laushi, ya tashi, a hura tanderu da kara ko itace har bangonsa ya ɗau zafi, a manna kwaɓin a jikin bangon, cikin 'yan mintuna a ɓanɓaro. Baƙo namiji ba zai shiga gidan ba, a bakin kasuwa zai saya wurin masu sari, kuma da safe ne ake samun mai ɗumi. Mace kuwa in ta samu 'yar unguwa ta raka ta, za ta iya saye a bakin tanderu.

Mai kyau tana da tabon wuta a fuska ɗaya, tana naɗuwa ba ta karyewa, in ka yaga ta kuma cikinta da ramuka. In tana warin hayaƙi, an manna ta kafin harshen wuta ya kwanta. In tsakiya da danƙo, tanderun ya fara hucewa, ta ƙarshen gashi ce. Tambayi ko akwai ta alkama zalla. Ta fi duhu, ta fi nauyi da ƙamshi, ta fi tsada, ba kuma kullum ake samunta ba duk da cewa ana noman alkama a Kadawa da Kura da ruwan dam ɗin Tiga.

Bandashe kuwa aikin minti uku ne da ke lalacewa a minti goma sha biyar. Ana tsoma gurasa a ruwan ɗumi, tsomawa ɗaya a cire, a shimfiɗa a faranti, a barbaɗa garin ƙuli mai yaji, a zuba man gyaɗa, a watsa albasa da tumatir, wasu su ƙara kabeji da kokwamba. Wurin kuskure biyu ne. Na farko ruwan: in ta daɗe a ciki ta zama caɓi, sannan duba kwanon tsomawar, in ruwan ya yi kauri ya yi fari an daɗe ba a sauya ba. Na biyu ƙulin. Sabon ƙuli ƙamshin soyayyar gyaɗa yake yi, tsoho kuwa ɗaci da warin tsohon mai, yaji ba ya rufe shi. Nemi a zuba maka ɗan kaɗan a tafin hannu ka lasa kafin a haɗa.

To amma gaskiyar magana, ba don bandashe kaɗai za ka yi awa huɗu a mota ba. Ƙarfin Kano shi ne daga safe zuwa dare ba ka maimaita abu. Gurasa da safe, ɗanwake da rana, fura da nono da la'asar, bayan magariba kuma tukuba, inda mai tsire zai ɗora gurasar a gefen wuta ta yi ɗumi, ya yayyafa mata mai, ya zare mata nama a kai. Garin da ake yanka da yawa kullum a mayankar da ke wajen Ƙofar Mazugal ba ya rasa sabon nama, amma ba ya rasa kwantai ma. Tsiren yau launinsa ja-ja ne mai sheƙi, naman da ɗan ruwa a ciki. Na jiya da aka sake shafa wa mai aka mayar wuta ya fi duhu, ƙulinsa ya dunƙule, gefensa ya ƙandare. Ka zo tsakanin magariba da bayan isha da kaɗan, lokacin da ake jera ɗanye a gefen tukuba, ka nuna tsinken da kake so. A balangu kuma kada ka bari a yanka maka daga abin da ke naɗe a takarda can gefe. Ce masa, "Malam, daga nan za a yanko, a haɗa da ɗan kitse." Ɗanɗano haƙƙinka ne, mai naman da ya hana ɗanɗano ya san dalilinsa.

Matsalar Kano ita ce yawa. Inda masu sana'a suka yi dubu, na ƙwarai da na banza suna layi ɗaya, baƙo kuma ba shi da hanyar rabewa sai da ɗan gari. Wanda ya san ko mutum ɗaya a birni, Kano za ta biya shi. Wanda bai san kowa ba zai iya yin kwana biyu ya koma da cewa abin bai kai yadda ake faɗa ba.

Kifi a Argungu da Yawuri

A ƙin tafiya, ɗanyen kifi ne na biyu bayan masa, ta wani fannin ma ya fi ta, tunda masa in ta huce daɗi kawai take rasawa, kifi kuwa ciwo yake sawa. Kuma bambancin kifin da aka fito da shi daga gulbi da safe da wanda ya kwana a ƙanƙara ba abin musu ba ne. Sai dai wannan ce tafiyar da ta fi kowacce caca.

Argungu tana da suna saboda bikin kamun kifi da aka fara a 1934, wanda UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya a 2016. Sunan yana ruɗar baƙi. Gulbin Matan Fada, inda ake bikin, a killace yake ba a su a cikinsa sai ranar, bikin kansa kuma ba kowace shekara ake yinsa ba. Ranar biki kuwa ita ce mafi munin ranar cin kifi a garin: masauki ya cika, farashi ya ninka, masu suya suna gaggawa. Mai son abinci ya zo a ranar da ba kowa. Yawuri ba ta kai Argungu suna ba amma ta fi ta ruwa, tana bakin Kogin Neja a saman tafkin Kainji, kamun kifi kuma sana'a ce ta kullum ga Sarkawa da mutanen tsibiran. Idan kifi ne kaɗai dalilin tafiyar, Yawuri ce. Idan ana son a haɗa da kallo, ga gidan tarihin Kanta a Argungu, ga ta kuma kusa, kamar kilomita 100 daga Sakkwato, rabin haka daga Birnin Kebbi.

A duka biyun, tsarin da ya fi shi ne ka sayi kifinka ɗanye da safe a inda masunta ke sauke kaya, ka kai wa mai gashi ko mai farfesu ka biya ladan aiki da kayan haɗi. Buɗe murfin kunnensa: ciki ja wur, ba ruwan ƙasa ba. Ido a fito yake, garau. Danna tsoka da yatsa, ta dawo. Ƙarni kaɗan na ruwa daidai ne, wari kuwa a bar shi ko nawa aka sallama. Giwan ruwa ita ce ta gashi, tsoka fara mai kauri, ƙaya kaɗan, kuma matsakaiciya mai kilo ɗaya zuwa biyu ta fi ƙatuwa daɗi. Ragon ruwa da tarwaɗa na farfesu ne. Karfasa a soya ta ƙayau, a yi haƙuri da ƙayarta. Bargi tsokarsa a bushe take, ya fi kyau a banda.

Kifi mai kilo guda yana son kamar rabin awa a kan garwashin da ya kwanta, an tsattsaga jikinsa yaji ya shiga. Wanda ya kawo maka shi a minti goma, fata ya ƙona, jikin ƙashi da jini. Farfesun tarwaɗa kuma abu biyu ke ɓata shi: ba a wanke yauƙin da ruwan zafi ko lemon tsami ba, sai romo ya yi ƙarni, ko an yi ta juyawa da ludayi, sai naman ya farfashe. Mai iyawa tukunyar take girgizawa. Ka lura kuma da cewa kasancewa a bakin ruwa ba ya hana a sayar maka da tarwaɗar kiwo. Ta kiwo ta fi ƙiba da kitse a ciki, kuma za ka ga duk girmansu ɗaya a baho. Kamun gulbi ba ya zuwa girma ɗaya.

Lokaci ma yana da hannu. Da damina ruwa ya cika ya bazu a fadama, kifi ya watse, kamu ya ragu. Daga bayan kaka zuwa bazara, da ruwa ya ja, shi ne lokacin. In za ka yi tsarabar banda, sansana sosai ka ɓare guda, domin akwai masu fesa fiya-fiya don korar ƙwari. Bandar da ƙuda ko ɗaya bai kusance ta ba a tsakiyar kasuwa abar tuhuma ce. Batun hanya kuma ba na wasa ba ne a wannan yankin. Tambayi direbobin tasha halin da ake ciki a makon, ka yi tafiyarka da rana, kada kifi ya sa ka yi dare.

Kilishi

Kilishi an ƙirƙire shi ne don tafiya, don haka shi ne na ƙarshe a wannan lissafi, duk da cewa shi ne mutane suka fi cewa za su je saye. Mai kyau yana makonni bai canza ba. Abin da tafiya za ta ba ka shi ne ka ga yadda ake yi, ka san hannun da za ka riƙa aika wa kuɗi. Ga mai sari ko mai shirin biki wannan dalili ne. Ga mai son falle biyu, a'a.

Tsakanin Nijar da Kano kuwa akwai abin zaɓa. Madawa, a kan babban titin da ya haɗa Ƙonni da Maraɗi, da Tasawa da Gidigir da Yamai, su ne wuraren da aka sani, har an yi wa kilishin Nijar rajistar asali a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka. A can iri uku ake yi: ja, mai labu (kwaɓin tunkuzar gyaɗa da kayan ƙamshi) da barkono da kala, fari, mai labu ba kala kuma ba yaji sosai, sai rumuzu, wanda ba a tsoma shi a tunkuza, mai da gishiri da kayan ƙamshi kawai ake shafa masa. Rumuzu ne ke nuna naman tsirara, shi ya kamata mai gwaji ya fara nema. Busasshiyar iskar can tana shanya nama da sauri kafin ƙuda da raɓa su taɓa shi. A Kano, Agadasawa ce unguwar da ta yi suna, kilishinta ya fi kaurin labu da zaƙi-zaƙi, shi ne kuma ɗanɗanon da yawancin mutanen Najeriya suka saba da shi.

Aikin iri ɗaya ne: tsokar cinyar sa marar kitse, a feɗe ta falle-falle, a shanya a kan gadon kara, a tsoma a labu na tunkuza da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa, a sake shanyawa, a gasa 'yan mintuna. Tsokar nama kusan kashi uku cikin huɗu ruwa ce, don haka kilishi na gaskiya ba ya araha. Wanda ya yi araha, labu ka saya. Ɗaga falle ka duba a hasken rana, ya kamata ka ga zaren naman. Lanƙwasa shi: ya ɗan ba da kai sannan ya tsage. In ya ruguje kamar ƙuli, labu ya rinjayi nama. In ya naɗu kamar fata, bai bushe ba, kwana kaɗan zai yi hunhuna, wannan kuma shi ne ciwon kilishin damina. Farin kitse a jiki shi ne wurin da wari zai fara.

Mai tsallakawa Nijar ya binciki halin iyaka tukuna, tunda tun juyin mulkin Yulin 2023 al'amarinta ke sauyawa. Ya canza kuɗinsa zuwa sefa, ya kuma tuna cewa da dala ake ƙirge a kasuwa, ba kuma dalar Amurka ba: dala guda sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jika guda 1,000. Baƙi da yawa a nan suke tayin da ba su yi niyya ba.

To wanne?

Mai kwana biyu da kuɗin tafiya ɗaya, Bauchi. Abin da zai ci ba ya samuwa ta saƙo, yana da wuya ya faɗa hannun banza tunda wuraren a tattare suke, kuɗin abincin kuma shi ne mafi ƙanƙanta a cikin huɗun. Ita ce kuma ta fi dacewa da mai iyali, domin masu masa da yawa suna da ɗaki ko rumfar da mata da yara za su zauna, saɓanin bakin tukuba da yake wurin maza, inda sai dai a naɗe a kai mota ko masauki. Ayarin abokai masu bakin da ya bambanta, ɗayansu kuma ya san birni, Kano. Wanda ke Sakkwato ko Birnin Kebbi, ko wata hidima ta kai shi can da rani, ya ƙara yini guda don kifi, amma daga Kano ko Abuja takanas, nisa da hanya sun fi ƙarfin faranti ɗaya.

Ko'ina ka zaɓa, riƙe tsabar kuɗi ƙanana. Da yawa suna karɓar tiransifa yanzu, amma in sabis ya ɗauke kai ne za ka tsaya. Ranar Juma'a daga hantsi zuwa saukowa daga masallaci kasuwa sanyi take yi. Da azumi kuwa jadawalin nan duk juyewa yake, tandar safe ba ta tashi sai la'asar, kuma awa guda kafin shan ruwa layin masu saye su tafi gida ne, ba mai lokacin soya maka uku-uku.

Kilishin kuwa in za a aiko maka, ce a bar shi ya huce sarai bayan gashi, a naɗe a takarda, a sa a kwali, kada leda ta taɓa shi, kada kuma direba ya ajiye shi a but kusa da jarkar fetur, domin tunkuza tana ɗaukar wari. Da ya iso ka warware, ya sha iska awa guda a inuwa kafin ka adana.